Kwaɗi Ɗari Uku na Janar Wendell

A garinmu Hibbing an yi wani mutum mai suna Wendell Rautio. Na ce "an yi" ne don haka ake fara labari, amma yana nan da ransa, shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa, kuma in ya ji ina ba da labarin nan cewa zai yi na tsallake wuraren da ya burge.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a mahaƙar ƙarfe. Aikinsa raba wa ma'aikata safar hannu da hular kwano a sito, amma in ka ji shi yana labari sai ka rantse shi ya haƙa ramin da farcensa. Ni kuwa sunana Rollie, motar 'yan makaranta na tuƙa har na yi ritaya, kuma Wendell bai taɓa bari na manta da hakan ba.

Duk Laraba da yamma muna haɗuwa a shagon Otis mu yi wasan yaƙin tebur. Kowa da rundunarsa ta 'yan sojojin roba masu tsawon yatsa, waɗanda ya yi wa fenti da hannunsa. A jera su, a auna tafiyarsu da tef, a watsa ƙwayoyi irin na ludo su faɗi wanda ya mutu da wanda ya sha. Ni gajerun mayaƙa masu gatari gare ni. Bernadette Zupan, tsohuwar nas mai shekara saba'in da biyu, mahayan dawaki take wasa da su, kuma tana cinye mutum cikin natsuwa kamar tana auna masa zazzaɓi. Wendell kuwa Kwaɗin Fadama ne rundunarsa. Shekara tara yana wasa da su, shekara tara ana lallasa shi. Gaskiya ba duka laifinsa ba ne, don a tsohon littafin dokoki kwaɗin ba su da gudu, ba su da ƙarfi, kuma da an yi musu tsawa sai su watse.

Abu ɗaya Wendell yake da shi da kowa ke ƙyashi. Tebur huɗu ne a shagon, ɗaya ne kawai kusa da hita mai ɗumama shagon, kuma shi ya riƙe shi tun ranar da Otis ya buɗe ƙofa. A garin da sanyi ke wata shida, wannan sarauta ce.

Farkon Janairu kamfanin da ke yin wasan ya fito da sabon littafi na kwaɗi. Otis ya karanta mana a tsaye. Yanzu kwaɗo yana tsallake ganuwa. Yana miƙa harshe ya fizge mashin abokin gaba daga inci shida. In ya mutu ka jefa ƙwaya ta ba ka shida, sai ya bar ƙwai, biyu su fito a madadinsa. In kuwa ka jefa ɗaya, sai ya haɗiye kwamandansa, kwamandan ya ci gaba da ba da umarni daga cikin ciki, ba wanda ke jin abin da yake faɗa, kowa ya nufi inda ya ga dama.

Otis ya riga ya yi wa guda arba'in fenti don 'yan shago su gwada. A daren farko ni da Bernadette muka ɗauka. Kwaɗona uku suka fizge tutar sarkinta, na huɗu ya haɗiye kwamandana, rundunata ta juya ta afka wa wata bishiya. Bernadette ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Shekara goma sha biyu na san ta, ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ranar.

Wendell bai zo kusa da teburin ba. Yana can gindin hita da littafin, yana bin layi da yatsa. Can sai ya rufe shi, ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Shafi na sittin da ɗaya," ya ce. "Ba a sa iyaka ga yawan ƙananan kwaɗi ba. Na lissafa. Ɗari uku za su shiga runduna ɗaya. Jama'a, ku je ku gaya wa iyalanku, Gasar Hunturu ta bana an riga an gama ta."

Gasar Hunturu ita ce babbar ranarmu, Asabar ta ƙarshen Fabrairu, a zauren ƙarƙashin coci. Mutane suna zuwa daga Duluth, har daga Thunder Bay ta tsallaken iyaka.

Otis ya ce, "Wendell, awa ɗaya ake ba kowa a agogo. Kwaɗo ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka gama matsar da su zagayen farko an share zauren an kashe fitila."

"Wa ya ce maka ɗaya bayan ɗaya? Kai mai shago ne, Otis. Ka bar wa injiniya aikin injiniya."

"Safar hannu fa ka raba."

"Safar injiniyoyi."

Bernadette ta mayar da tabaranta. "Ranka ya daɗe Janar, tunda an gama gasar, me za ka sa in na cinye ka?"

"Faɗi abin da kike so."

"Teburin hita."

Wendell ya dubi hitar kamar mai duban 'yarsa ta fari, sannan ya miƙa mata hannu. "In na ci kuma, dawakinki za su yi wata guda a tagar shago da takarda a wuya: kwaɗi suka kore mu."

Suka tafa. Tun daga ranar kowa ke kiransa Janar, shi kuma yana amsawa.

Bayan kwana goma akwatuna suka iso. Na ji ƙarar feshi daga garejinsa ranar da sanyi ke daskarar da gashin hanci, na leƙa. Ya jera kwaɗi ɗari a kan kwali yana fesa musu koren fenti, ƙofar gareji a buɗe. Fentin kuwa tun a iska yake daskarewa, sai ya sauka musu kamar auduga.

Na ɗauki ɗaya na juya shi. Gashi ne da shi har a ido.

"Wendell, kwaɗi ne ko 'yan kyanwa?"

"Kwaɗin arewa ne. Kana so su fita yaƙi a Fabrairu tsirara?"

"A jikin gwangwanin an rubuta kada a fesa cikin sanyi."

"Mutanen California suka rubuta. Me suka sani game da sanyi?"

Duk da haka kashi na biyu a kicin ya fesa musu, ranar da matarsa Marlys ta tafi aikinta a ɗakin karatu na gari. Da ya ga fentin ya ƙi bushewa da wuri, sai ya jera guda sittin a farantin da take gasa abinci, ya sa a murhun oven, ya ce wuta kaɗan, minti biyar. Sai waya ta shigo, wani tsohon abokin aikinsa, Wendell ya tsaya yi masa bayanin shafi na sittin da ɗaya.

Ƙarar na'urar gargaɗin gobara ce ta kawo ni. Na tarar da Marlys ta riga ni, tana tsaye da kwat ɗinta a jiki, faranti a hannu. Kwaɗi sittin sun zama abu guda, faffaɗa, kore, idanu ɗari da ashirin suna kallon rufi.

"Mene ne wannan, Wendell?"

"Gwaji ne."

"A farantin mahaifiyata."

"Ai ba a banza ba. Yanzu mun san iyakar zafin da suke ɗauka. Ba kowane ɗan gasa ya san wannan ba."

Marlys ta dube ni. "Rollie, kana da ɗaki a gidanka?"

"Babu," na ce da sauri.

Ya sake aikawa aka kawo sittin. Sannan aka shiga babban sirri. Maganaɗisu ya saya, ƙanana kamar ƙwayar magani, amma irin waɗanda in biyu suka kama maka fata sai ka kira sunan kakarka. Zai manna ɗaya a ƙarƙashin kowane kwaɗo. Ya kuma aro wani abu wurin masu aikin rufin gida: doguwar sanda mai faffaɗan kai kamar tsintsiyar turawa, da babban maganaɗisu a ciki, wadda suke bin tsakar gida da ita tana tsince ƙusoshi. Akwai ɗan hannu a jikinta, in ka ja sai ta saki abin da ta ɗauka. Shirin shi ne ya ɗora ta a kan runduna, ta kwashe su gaba ɗaya, ya matsa inci shida, ya ja hannun, su sauka a jere. Ya sa mata suna Hannun Janar.

Na zauna ina kallonsa yana ɗiga gam yana mannawa, ko dubawa ba ya yi.

"Ka san dai maganaɗisu fuska biyu gare shi ko? Ɗaya tana ja, ɗaya tana kora. Kana duba wacce ke ƙasa?"

"Rollie, sitiyari ma gefe biyu gare shi. Na taɓa koya maka tuƙi?"

Da ya gama hamsin ya jera su a teburin cin abinci, sahu biyar, don ya nuna mini. Ya ɗauke hannu. Sahun ya yi kamar daƙiƙa ɗaya a tsaye, sai ya fashe. Wasu suka rungumi juna ciki da ciki, wasu suka juya wa juna baya suka gudu. Bakwai suka tashi suka manne a firji. Ɗaya ya kama wuƙar burodi ya ja ta har bakin tebur.

Wendell ya gyaɗa kai. "Ka ga ƙwazo? Ba a ma busa ƙaho ba."

Sai da ya zo cire na jikin firji muka gane kwaɗi uku sun manne a yatsun hannunsa na hagu, ba da maganaɗisu ba, da gam. Muka gwada ruwan zafi, muka gwada man gyaɗa. Marlys ta ɗauki waya ta kira nas ɗin da ta sani.

Da ya ji muryar Bernadette a ƙofa, Wendell ya yayumi mayafin tebur ya rufe rundunarsa, ya ɓoye hannun a bayansa.

"Miƙo hannun, Janar."

"Sai kin rufe ido. Sirrin soja ne."

"In na rufe ido da yatsan zan cire."

Ya miƙo. Ta zauna da auduga da ruwan goge farce tana ɓamɓarewa a hankali. Ta ɗaga kwaɗo ɗaya kusa da fitila.

"Me ya sa yake da gashi?"

"Ba zan amsa tambayar abokan gaba ba."

"Ka taɓa buga wasa ko ɗaya da sabon littafin?"

"Wasa na masu shakka ne."

"Zo Laraba ka gwada da na Otis. Wallahi daɗi gare su. Jiya kwaɗona ya fizge gangar mayaƙan Rollie ya haɗiye, duk inda ya yi tsalle sai ta yi ƙara."

"Ni ba daɗi na zo nema ba, Bernadette. Tarihi."

Haka muka yi makonni shida. Duk Laraba ana layi a kan kwaɗin Otis. Mutanen da ba su taɓa kallon kwaɗo ba suna roƙon a ba su zagaye ɗaya. Ko ka ci ko an cinye ka, da ciwon ciki na dariya kake tashi. Duk Laraba sai wani ya ce, "Janar, zo ka taɓa mana," shi kuma yana gindin hita da biro, yana gyara jawabin da zai yi in an miƙa masa garkuwar gasa. Hannun Janar kuwa sau ɗaya ya gwada shi, da kwaɗi goma, a kan katako, a gareji. Ya yi aiki. Ya ce abin da ya yi wa goma zai yi wa ɗari uku, lissafi ne.

Ranar gasa ni na kai shi. Ya zuba kwaɗin a akwatin ƙarfe na kayan aiki, wai don kada su yi ta birgima a hanya. Ba su birgima ba kam. Da muka buɗe a zauren, ɗari uku sun manne a bango da murfi da junansu, ko girgiza ba sa yi. Matan coci da ke sayar da abinci a kusurwa suka ba mu wuƙaƙen man shanu shida. Mutanen Duluth suka sa hannu, mutanen Thunder Bay suka sa hannu, ana ɓamɓaro kwaɗo ɗaya ɗaya, shi kuma yana tsaye yana ba da umarni.

Wani mai gemu daga Thunder Bay ya ce, "Baba, waɗannan ɓeraye ne?"

"Za ka san ko mene ne in ka kai zagaye na biyu."

Otis ne alƙalin gasa, kuma bai ɓata lokaci ba: tebur na ɗaya, tsakiyar zaure, Wendell da Bernadette. An shirya filin da kyau, kogi na shuɗin gilashi, 'yan bishiyoyi, da tuddai uku na baƙar tsakuwa. Tsakuwar daga juji na mahaƙa ake ɗebo ta duk shekara, don ita ce a ko'ina a nan, kuma rabinta ƙarfe ne.

Wendell ya ajiye kwaɗon farko kusa da tudu. Tudun ya motsa. Tsakuwa ta fara rarrafowa, ɗaya, biyu, sannan da yawa, ta hau kwaɗon har ya koma kamar bushiya. Na biyu ma haka. Kafin ya jera ɗari, tudun hagu ya ragu da rabi.

Otis ya ce, "Wendell, sojojinka suna cin filina."

"Sulke suke sawa. Akwai dokar da ta hana sulke?"

Otis ya buɗa littafi ya duba, don shi mutum ne mai gaskiya. Babu.

Aka gama jeri, in za a kira shi jeri. Curi-curi ne, wasu goma a dunƙule, wasu sun kori kowa sun tsaya su kaɗai. A ɗaya gefen dawakin Bernadette talatin da biyu suna tsaye a sahu kamar an ja musu zare. Sauran tebura duk aka bar wasa aka zagaye mu, mutum ya fi saba'in. Marlys ma ta zo, ta tsaya kusa da matakala inda fita ba za ta yi wuya ba.

Wendell ya zare Hannun Janar daga bargon da ya naɗe shi. Ya dubi jama'a.

"Shekara tara kuna dariya. Ku buɗe ido, don abin da za ku gani ba zai ɗauki daƙiƙa biyar ba."

A nan kam ya faɗi gaskiya.

Ya danna agogo, ya miƙa sandar a kan tebur. Aka ji wani ƙaras-ƙaras kamar ana zuba ƙanƙara a kwanon rufi. Kwaɗi ɗari uku suka tashi. Tuddai uku suka bi su. Dawakin Bernadette, waɗanda ta manna wa zoben ƙarfe a ƙasa don kada su riƙa faɗuwa, suka sheƙo daga ɗaya gefen a guje, karo na farko da na ga runduna ta kai hari ba a taɓa ta ba. Tef ɗin awo ya tafi. Cokalin da ke cikin gahawar Bernadette ya fita daga kofi ya bi sahu. Makullan Otis suka ja aljihunsa har sai da ya dafe.

Kan sandar ya zama wani ƙaton curi mai gashi da ƙafafun dawaki.

"Yanzu sai sauka," Wendell ya ce, ya ja ɗan hannun.

Bai motsa ba. Wani doki ya shige gindin hannun ya tokare shi. Wendell ya ja, ya sake ja, nauyi ya fara rinjayarsa, sai ya tattara ƙarfi ya ɗaga sandar sama don ya girgiza. Rufin zauren gajere ne, kuma bututun ƙarfe na iskar ɗumi ya bi ta daidai saman tebur na ɗaya. Aka ji gwam. Sandar ta kama bututun da runduna biyu a tsakani.

Wendell ya ja. Ya rataya da hannu biyu. Ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Wannan ma yana cikin shiri," ya ce daga sama.

A kan tebur ba abin da ya rage sai kogi da bishiyoyi da jaki ɗaya. Jakin kayan girki ne na rundunar Bernadette, da tukwane a bayansa, wanda ba ta taɓa damuwa ta sa masa zobe ba.

Otis ya buɗe littafi. "Duk sojan da ya bar tebur ya mutu. Saboda haka..."

"Ba su bar tebur ba," Wendell ya ce yana lilo. "Tsalle suka yi. Shafi na goma sha huɗu. Kwaɗo yana tsalle. Ba su dai sauko ba tukuna."

Otis ya juya shafi. Ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa na motsi. Ya sosa ƙeya.

"Littafi bai faɗi tsawon tsalle ba," ya ce. "Ya dai ce dole ya sauka kafin lokacin mai shi ya ƙare." Ya dubi agogo. "Kana da minti hamsin da takwas."

"Dawakina fa?" in ji Bernadette.

"Dawaki ba sa tsalle a littafi. Sai haƙuri, sun mutu."

"To," ta ce. Ta jawo kujera, ta zauna kusa da jakinta, ta karɓi wani cokalin, na roba.

Ba a sake buga wasa a zauren ba. Aka kawo tsintsiya, ta manne, don wayar ƙarfe ce ta ɗaure ta. Aka kawo tsani, na ƙarfe ne, ya jingina da curin ya ƙi dawowa. Mai gemun Thunder Bay da abokansa biyu suka kama ƙafafun Wendell suka ja, wandonsa ya fara amsa kira kafin sandar, aka dakata. Matan coci suka fito daga bayan tukunyarsu ta miyar wake da niƙaƙƙen nama, suna ba da shawara. Mai kula da ginin ya sauko ya ce kada wanda ya sake taɓa bututun nan, ya girmi kowa a wurin.

"Wendell," Marlys ta ce daga matakala, "saki sandar ka sauko."

"Janar ba ya barin rundunarsa."

"Janar yana da maganin hawan jini ƙarfe biyu."

"Miƙo mini nan."

Ta miƙa masa, da ruwa. Ya sha da hannu ɗaya.

Saura minti ashirin, jama'a suka fara ƙirga masa. Saura goma, ya fara lilo da gangan, gaba da baya, yana cewa a ba shi wuri, ya gano dabarar. Saura huɗu, wata ƙusa ta faɗo daga rufi ta koma sama ta manne. Saura uku, bututun ya yi wani nishi, ya ɓalle daga mahaɗarsa.

Ƙurar shekara arba'in ta fara saukowa, sai Wendell, sai sandar. Da ta bugi ƙasa hannun ya saki. Kwaɗi da dawaki da tsakuwa suka watsu ko'ina a zauren. Suka shiga kwalar riguna, suka shiga kofuna, suka manne a ƙafafun kujeru. Kaso mafi tsoka ya faɗa tukunyar miya, mai kamar ganga, aka ji tana ɓul-ɓul.

Da ƙura ta lafa, kowa ya yi fari kamar an tono shi. Sai wata mata daga Duluth ta nuna tebur.

Kwaɗo ɗaya ya sauka a kai. A tsaye. Inci biyar daga jaki.

Wendell ya taso daga ƙasa, gira da gashin baki duk ƙura, ido kawai ake gani. Ya dubi agogo: minti ɗaya da rabi. Ya dubi Otis.

"Ya sauka," in ji Otis. "Halal ne."

"Kun gani?" Wendell ya juya ga jama'a. "Ɗari biyu da casa'in da tara yaudara ce. Wannan shi ne shirin." Ya miƙa hannu. "A ba ni ƙwaya."

Na ba shi tawa. Wannan ne jifansa na farko da sabuwar runduna. Komai ya samu daga biyu zuwa shida, harshen kwaɗo ya kai jaki, wasa ya ƙare. Ya hura mata iska, ya girgiza, ya sake hurawa har Otis ya nuna masa agogo. Ya jefa.

Ɗaya.

"To ai sai ya haɗiye kwamanda," Wendell ya ce da sauri, "kuma kwamanda ba ya nan, saboda haka a sake jifa."

"Kwamandanka yana cikin miya," in ji Otis. Ya bi layin da yatsa zuwa ƙasan shafi. "In babu kwamanda kusa, kwaɗon zai haɗiye harshensa, ya shaƙe."

Bernadette ta miƙa yatsa ɗaya ta kwantar da kwaɗon a gefensa, a hankali, kamar yadda ta saba gyara wa majiyyaci filo. Sannan ta auna inci huɗu da tef ɗin aro, ta matsar da jaki tsakiyar fili, wurin da tudu yake a da.

Zauren ya ɗauki tafi, kuma har yau ban san ko jakin ake yi wa ba.

Wendell ya karkaɗe kafaɗa. "Kun dai ga a tsaye ya sauka."

Kwaɗo ɗari da goma sha biyu matan coci suka tace daga miya, da doki tara. Mu 'yan shago muka yi Lahadi biyu muna mayar da bututu, mai kula da ginin yana tsaye a kanmu. Bernadette ta kai wa Wendell dawakinta a kwali ta ce ya gyara kowanne, kuma kada ya kusanci oven. An ɗage gasar zuwa Maris, ita ta ci.

Larabar da ta biyo baya na shiga shago na tarar da ita a teburin hita, ta cire rigar sanyi ta rataye, har da miƙe ƙafa. Wendell yana tebur na huɗu, na bakin ƙofa, inda duk wanda ya shigo sai ya shigo da iskar waje. Hula har kunne, hannu a hammata, ba littafi, ba biro. Ba wanda ya tsokane shi. Abin ya wuce tsokana.

Na ɗauko akwatin kwaɗin Otis na ajiye a gabansa, na fara jera gajeruna a ɗaya gefen. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Arba'in kawai?"

"Arba'in."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Ya jera. Zagaye na farko ya matsar da su fuska a murtuke. Na biyu, kwaɗinsa biyar suka tsallake ganuwata suka sauka a bayan mayaƙana, na ga gefen bakinsa ya motsa. Na uku, ɗaya ya fizge gatarin jarumina, na kashe shi, ya jefa shida, biyu suka fito, na kashe su, ya sake jefa shida. Ya buga tebur da tafin hannu. Na huɗu ya jefa ɗaya, ƙaton kwaɗonsa ya haɗiye kwamanda, rundunar gaba ɗaya ta juya ta faɗa kogi tana bin umarnin da ba wanda ya ji. Wendell ya kwashe da dariya. Ya yi ta yi har ya sarƙe, hular ta faɗi, Bernadette ta taso daga gindin hita ta bubbuga masa baya.

Na cinye shi, ko kusa bai zo ba. Ya zauna yana haki, yana share ido da hannun riga, yana kallon 'yan kwaɗin da suka rage a kogi.

"Ashe haka suke da daɗi?" ya ce. Ya dube ni, ya dubi Otis, ya dubi Bernadette, fuskarsa cike da zargi. "Kuma ba wanda ya iya gaya mini. Matsalarku ke nan a shagon nan, ba kwa magana."



Na ce, "Jera, Janar, mu sake."